Hajiya Binta: gyaruwa ta yi ko zamewa?

Maman Ilham: Jama'a, na gama littafin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016. Ana ta cewa wai Hajiya Binta ta ƙara hankali a ƙarshen labarin. Ni dai ban gani ba. Mace mai shekara 55, ga jika a gabanta, ga zuwa islamiyya, ɓarawo ya hauro mata katanga, daga baya ita da kanta take buɗe masa ƙofa. Wannan zamewa ce, a daina yi mata kwalliya.

Ɗan Jos: Hajiya, babu mai cewa zina halal ce. Ita kanta Binta ba ta taɓa halatta wa ranta ba, kullum cikin nadama take. Amma ki duba wa take gani a fuskar Reza, ɓarawon da ya hauro mata katangar. Yaro take gani, ɗanta na fari da 'yan sanda suka harbe, wanda alkunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta jan shi a jiki har ya bar duniya.

Maman Ilham: To ai ka ƙara ɓata ta. Kana ganin ɗanka a fuskar mutum, kuma ka kwanta da shi? A'uzubillahi.

Malama Uwani: Ku bari in shiga. Ni 'yar fari ce, har yau Inna ba ta kama sunana, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Don haka ban yarda alkunya ce ta kashe Yaro ba, wiwi da miyagun abokai suna da nasu kason. Sai dai akwai abin da Binta ta farkon littafi ba za ta iya ba: ta zauna ta amsa wa kanta cewa ta cuci yaron nan, ta fifita bakin mutane a kan haƙƙin ɗanta. Shekara da shekaru tana salla da azumi ba ta taɓa yi wa kanta wannan hisabin ba. An aurar da ita tana ƙarama, ta zauna da mijinta Zubairu ba tare da an taɓa tambayar me take so ba, aka kashe shi a rikicin Jos, ta haɗiye. Ibadarta ta da, rabinta biyayya ce ga "me za a ce".

Ɗan Jos: Kuma ta dage sai Reza ya koma makaranta. Wa ya taɓa yi masa wannan? Uwarsa ta tafi Saudiyya ta bar shi, sanatan da yake yi wa aiki kuwa bangar siyasa kawai yake so da shi.

Abban Sadik: Malama, da girmamawa, hisabin da bai hana mutum komawa ga laifi ba, sunansa me? Sharaɗin tuba na farko shi ne dainawa. Ta daina? Matan islamiyya suna tsegumi, Malam Haruna da ke neman aurenta ya gano, duk ba ta tsaya ba sai da Munkaila, ɗan da ke ɗawainiya da ita, ya mutu a hannun Reza. Garin ceto wanda ya yi kama da ɗanta, ta rasa ɗa na biyu.

Malama Uwani: Ban ce ta tuba ba, Abban Sadik. Cewa na yi ta san kanta. Shi kuwa Malam Harunan, kishi ne ya sa shi bin diddiginta, ba kishin addini ba.

Maman Ilham: Laifin Haruna ba ya wanke nata.

Ɗan Jos: Haka ne. Amma Hajiya, da a ce Alhaji ne mai shekara 55 da yarinya 'yar 25, za ki buɗe wannan muhawarar?

Maman Ilham: Idan ba aure, wallahi zan buɗe. Kawo littafin ka gani.