Musayar Waƙa: Wane Ƙuda Ne Ke Fashi a Bakin Amya?

Baba Mai Amya:
Sallama 'ya'yana, yau na zo da tambaya,
Wani ƙuda na gani jiya a bakin amya.
Ya cafke ƙudan zumata tana cikin tafiya,
Ya sauka kan kara yana tsotso ba kunya.
Ba tsando ba ne, shi na san shi tun ƙuruciya,
Wane ne wannan mai fashi da rana tsakiya?

Malama Mai Lambu:
Baba sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya,
Ɗan fashin ƙudaje ne, ka faɗi gaskiya.
Asilidae ake ce wa danginsu gaba ɗaya,
Sun haura iri 7,000 a faɗin duniya.
Dubi fuskarsa, gashin baki tsaye kamar tsintsiya,
Shi ke kare masa ido in ganima ta yi tirjiya.
Tsakanin manyan idanunsa kai ya lotsa kamar rijiya,
Ƙananan idanu uku na zaune nan tsakiya.
Bakinsa tsinke ne, yawunsa dafi ne, ba wasa ba Baba,
Ya sandarar, ya narkar, ya zuƙe, ya bar ɓawo a hanya.

Ɗan Fadama:
Anti kin ba mu dangi, amma saura iri,
Nawa na fadama dogo ne siriri,
Da farko na ɗauka ɗan ƙaramin mazari.
Yana ratsa ciyawa sannu, ba ya sauri,
A kan ganye yake tsintar ƙananan ƙwari.

Malama Mai Lambu:
Ka sauya mana amsa-amo ƙanena, to bari,
Leptogaster ka gani, haka yake tun fari.
Mazari fukafukai huɗu gare shi a jeri,
Shi biyu ne kacal, sai 'yan tsinkaye biyu kamar makaɗin ganga a baya,
Da su yake daidaita tashi, kamar kowane ƙuda.

Yaya Mai Kyamara:
Malama kin saki layi a ƙarshe, na kama ki, ba gudu!
Ni nawa biyu ne, duk na ɗauko su a kudu.
Na farko ƙahonsa a ƙarshe gashi ne jere,
Kamar an ɗauko gashin tsuntsu an tsire,
Ommatius ke nan, da wannan alama ya ware.
Na biyu kuwa ya ruɗe ni, har na ja da baya,
Baƙi ne ƙato mai faɗi, da gashi a baya,
Sak ƙwaron nan mai huda itace yana ruri,
Xylocopa, wanda ke zubo mana gari.
Sai da na ƙirga fiffike na ga biyu,
Ga gajeren ƙaho, ga gashin baki, na ce to haka ne fa!
Hyperechia ne, ya ari rigar mai gida,
Tsutsarsa a ramin mai gidan take girma,
Tana cinye masa 'ya'ya. Wannan baƙo, Allah ya raba!

Baba Mai Amya:
Nawa ba baƙi ba ne, ɗana, ruwan toka ne,
Dogo ne, ya yi gaɓar yatsa har da ƙari,
Cikinsa ya tafi ya tsuke kamar mashi,
Ƙafafu duk ƙaya, ya yi doro, ga ƙarar tashi.

Malama Mai Lambu:
Baba wannan siffa ta fi kama da Promachus,
Manya ne masu cin ƙudan zuma, amma kar in yi gaggawa.
Sai an ga jijiyoyin fiffike ta madubin ƙara girma,
An duba ƙarshen bindi, namiji ne ko tamata,
Don a nan iri da iri ke rabuwa.
Kuma kar ka damƙe shi da hannu, yana sara,
Kifa masa kwalba a hankali in ya zauna kan kara.

Baba Mai Amya:
'Yata na ji, gobe da hantsi zan tura jikana,
Shi ke da ƙafa, ni gwiwa ta ƙi ni bana.
In ya kamo, Mai Kyamara ka zo ka ɗauki hotonsa,
Ka zo da mazubi, akwai zumar da ɗan fashin ya rage mana.