Wai ni kaɗai nake ganin mulkin mallaka a fim ɗin Avatar?

Ɗan_Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare da aka ɗauke wuta na sake kallon Avatar na farko, na James Cameron wanda ya fito a 2009, a wayar ƙanena, kuma wallahi wannan karon wani abu daban na gani. Kamfani ya taso daga duniyarmu zuwa wata duniya mai suna Pandora saboda wani ma'adini mai tsada, ya tarar ma'adinin yana ƙarƙashin katuwar bishiyar da mutanen Na'vi suke zaune, aka fara da buɗe musu makaranta ana koya musu Turanci, da lallami ya ƙi ci sai aka turo jiragen yaƙi aka kayar da bishiyar. To wannan ba labarin Turawan mulkin mallaka ba ne kuwa? Ko ni ne nake zurfafa tunani?

Ba'agade:
Wa alaikas salam ɗan uwa, ba kai kaɗai ba ne. Mu nan Nijar ai ba sai an yi mana fassara ba, a 1971 Faransawa suka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana kai shi ƙasarsu ana samar da lantarki, mu kuma wutar da muke sha da yawanta daga Najeriya ake jawo ta. Ka kalli fim ɗin Dune ma, hamada ce, arzikin yana cikin yashi, manyan gidaje na waje suna ta kashe juna a kansa, Fremen masu ƙasar kuwa ruwan sha ma wahala yake musu.

Maman_Ilham:
Duk na yarda amma ni abin da ke ban haushi daban ne. Fim ɗin ya nuna mulkin mallaka mugun abu ne, to madalla, amma wa ya ceci Na'vi? Jake Sully, sojan da aka turo ya yi musu leƙen asiri! Cikin 'yan watanni ya koyi yarensu, ya samu 'yar shugabansu, ya hau Toruk, katuwar dabbar nan mai tashi sama da mutum biyar kacal suka taɓa hawa a tarihinsu, kowa ya bi bayansa. Wato har 'yancinka ma sai baƙo ya zo ya karɓo maka. Haka Paul a Dune, ɗan sarautar waje ne amma shi ake kira Mahdi da Lisan al-Gaib.

Ba'agade:
Hajiya a kan Dune kam ban bi ki ba. Frank Herbert ya fitar da littafin a 1965, kuma a labarin matan ƙungiyar asiri ta Bene Gesserit ne suka shuka annabcin zuwan Mahdin tun da daɗewa don su ci moriyarsa, kashi na biyu na fim ɗin da ya fito a 2024 ya nuna ƙarara, shi ya sa Chani, budurwar Paul 'yar Fremen, ta juya masa baya ta tafi abinta.

Injiniya_Sabongari:
Kun manta District 9, shi ma 2009, fim ɗin da aka killace halittun wata duniya a wata unguwa ana son tashinsu. Daraktansa Neill Blomkamp ya ɗauko shi daga tarihin District Six na Cape Town a Afirka ta Kudu, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ce ta farare ce zalla a 1966, aka tashi mutane sama da 60,000. Ya yi kyau sosai wurin nuna yadda ake korar mutane da takarda da sa hannu, ma'aikaci yana bin gida-gida da fom yana murmushi. Amma fa kalli yadda ya nuna 'yan Najeriya, 'yan daba, matsafa, masu cin naman halittun nan don samun ƙarfi, shugabansu ma sunansa Obesandjo, haba! Marigayiya Dora Akunyili tana ministar yaɗa labarai a lokacin, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi.

Ɗan_Kurmi:
Kai, District 9 ɗin nan ban taɓa ganinsa ba. Hajiya maganarki ta shige ni, ni da har tafi na yi lokacin da Jake ya sauko a kan Toruk. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa wurin mai turi in ga ko yana da shi.