Tafiya da ciwon dajin da ya yi nisa

A wata tattaunawa da masu ciwon daji da masu kula da su suka yi kan yin tafiya, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: in dai da sauran ƙarfi, kada a ɗage tafiyar zuwa baɗi.

Amma a fara da likita. Kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan maganin daji, garkuwar jiki kan yi ƙasa sosai, zazzaɓin da ya kai digiri 38 kuwa sai asibiti nan take. Dogon zama a jirgi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka a riƙa miƙewa ana shan ruwa. Magunguna, musamman mofin (magani mai ƙarfi na rage zafin ciwo), su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu tare da wasiƙar likita, domin wasu ƙasashe na tsananta bincike. A karanta sharuɗɗan inshora da kyau.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shawarar a zauna da abokin tafiya tun a gida, a faɗa masa ƙarara: idan jiki ya rikice a hanya, wa za a kira, kuma idan ta Allah ta kasance, ina ake so a yi jana'iza.