Wane suna za mu ba whale, kuma me ake kiran zuwa ganinsa daga gaɓar teku?

Tafinta: Assalamu alaikum. Ana neman kalmomi uku don rubutu a kan masu tsayawa a bakin teku suna duban whale lokacin da yake zuwa haihuwa: sunan dabbar, sunan tafiyar da take yi kowace shekara, da sunan aikin duban. Gidajen rediyo kan ce "babban kifi" ko "kifin whale", 'yan Nijar kuma su ce balen. Babu wanda ya zauna a baki.

Malamar Halittu: Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire kifi daga maganar. Wannan dabba da huhu take numfashi, jininta mai ɗumi ne, haihuwa take yi ba ƙwai ba, kuma tana shayarwa. A irin da ake zuwa gani, cikinta kan kai wata 11 zuwa 12, jaririn ya faɗo da tsawon mita 4 zuwa 5. Wutsiyar kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu, ita kuwa tata a kwance take, sama da ƙasa take bugawa. In mai karatu ya ji "kifi", ba zai gane dalilin da ya sa ake iya ganinta daga tudu ba, alhali dalilin shi ne dole ta taso ta shaƙi iska.

Ɗan Zango: To, giwar teku?

Malamar Halittu: Tana da daɗin ji, amma giwan ruwa na nan a kasuwannin kifi daga Yawuri har Tafkin Chadi. Mutum zai ɗauka ɗan'uwansa ne na ruwan gishiri. Ayu da dorina ma duk da masu su.

Malamin Larabci: Larabci ya ba mu biyu. Akwai hut, wanda aka kira kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa (AS) da shi, sai dai in ya shigo bakinmu zai zama hutu, kuma "kallon hutu" ba inda zai kai mu. Na biyun shi ne anbar, dabbar da teku ya jefo wa rundunar Abu Ubaida a gaɓa, sahabbai suka yi kwanaki suna ci daga namanta. Masu turare ma sun san ambar, wanda daga cikin wani nau'in dabbar yake fitowa. Hausa ba ta son suna ya ƙare da baƙi, ga shi kuma "ambar" na kama da kalmar da ke jiran a ɗora mata wata. Ina ba da shawarar ambaru, namiji, jam'i ambarai.

Malamar Halittu: Na karɓa, Malam, da gyara ɗaya. Mai ba da turaren yana da haƙora, a zurfin teku yake farauta, ba a cika ganinsa daga gaɓa ba. Waɗanda ake zuwa gani ba su da haƙori, wata rariya ce a bakinsu da suke tace ƙananan jatan lande da ita. To ambaru ya zama sunan dangi duka, sai a bambanta: ambaru mai haƙora, ambaru mai rariya.

A masu rariya, biyu ne suka shafi Afirka sosai. Na farko shi ne humpback, tsawonsa mita 12 zuwa 16, fikafikansa na gefe kan kai kashi ɗaya cikin uku na jikinsa. Ba tozo ne da shi irin na bijimi ba, bayansa yake lanƙwasawa in zai nutse, don haka mai doro ya fi dacewa. Na biyu shi ne southern right, wanda bayansa sumul yake ba ƙaya, kansa kuma cike da farar kanta. Shi mai kanta.

Tafinta: Tafiyar fa? Ƙaura?

Ɗan Zango: Mai ƙaura ba lallai ya dawo ba. Wannan ci-rani ne sak. Suna kiwo a ruwan Antatika daga wajen Disamba zuwa Maris, su tara kitse, sannan su yo arewa dubban kilomitoci zuwa ruwa mai ɗumi don barbara da haihuwa. A nan kusan ba sa cin komai, kitsen nan ke riƙe da uwa har ta shayar. Masu doro na shigowa Mashigin Tekun Gini daga wajen Yuli zuwa Oktoba, daga Gabon har gaɓar Legas, Kwatano da Lome. Daminarmu ke nan, shi ya sa wasu za su ce sunan bai dace ba, amma ma'anar zuwa da komawa a kan lokaci ita muke bukata.

Malamin Larabci: Ci-rani ya yi. Aikin kuma ina ganin hange ne in daga gaɓa ne, kallo in an shiga jirgin ruwa an matsa kusa. Dako zai ja hankali wajen farauta, wadda akasarin ƙasashen duniya suka dakatar da ita a matsayin kasuwanci tun 1986.

Malamar Halittu: Hange ne kuwa, don tsayin wurin da mutum ya tsaya shi ne rabin aikin. Wanda idonsa ke mita 2 sama da ruwa, iyakar ganinsa kamar kilomita 5 ce. A kan dutse mai mita 25 sai ta kai kusan 18. Abin da ya ɗaga garin Hermanus na Afirka ta Kudu ke nan: hanyar ƙafa ce a saman duwatsu, masu kanta kuma na shigowa daf da gaɓa daga Yuni zuwa Nuwamba, har garin na da mai shela da ke busa ƙaho in an hango su. Gaɓar Legas da Kwatano rairayi ce shimfiɗaɗɗa, dole yawanci sai jirgi.

Abin da ake fara nema ba jikin ba ne, hucin ne. Kada a rubuta "feshin ruwa", numfashi ne mai ɗumi da ke zama tururi. Na mai doro dunƙule yake tashi kamar mita 3, na mai kanta kuwa rabuwa yake biyu kamar gwafa. A fara da ido zalla, ana sharar teku a hankali daga gefe zuwa gefe, sai an ga huci sannan a ɗaga tabarau na hangen nesa. Mai 7x50 ko 8x42, wato mai ninka girman abu sau 7 ko 8, ya isa. Wanda ya wuce ninki 10 rawa yake yi a hannu, kuma filin da yake nunawa ya yi kaɗan, kafin a lalubo wurin dabbar ta nutse.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tashi da wuri. In mai doro ya ɗaga wutsiya sama, nutso mai nisa zai yi, minti 5 zuwa 15, kuma ba inda ya shiga zai ɓullo ba. A duba gaba, ta inda kansa ya fuskanta. Uwa mai jariri ba ta daɗewa a ƙasa, don ɗan bai iya riƙe numfashi ba, shi ya sa su aka fi gani. Iska ita ce babbar matsala: da zarar farin kumfa ya fara fitowa a kan igiyoyin ruwa, ba a bambance shi da huci. Safiya ta fi, kafin iskar teku ta taso, kuma rana ta kasance a bayan mai hange.

Ɗan Zango: A ƙara wa masu jirgi cewa a Afirka ta Kudu doka ta hana matsawa ƙasa da mita 300 ba tare da lasisi ba. Ƙarar inji na iya raba uwa da ɗa, ɗan kuma ya ƙona ƙarfin da zai yi doguwar tafiyar kudu da shi.

Tafinta: Na gode, Malama, na gode 'yan'uwa. Na gwada jimla: "Ambarai masu doro sun iso ci-rani, an fara hangen hucinsu daga gaɓar Gabon." Saura sunan tsallen nan da ambaru yake yi, ya fito da kusan duk jikinsa ya faɗo a kan bayansa. Alkafura ko tsalle kawai?

Malamar Halittu: Tsalle. Ba ya juyewa kai ƙasa, murɗawa yake yi a gefe kafin ya faɗo.