Wane suna za mu ba su earlier than da later than?

Jama'a, ku taya ni nema. Ina koyar da Turanci, kuma duk lokacin da na zo kan earlier than, later than da sooner than, sai in rasa sunan da zan tara su a ƙarƙashinsa da Hausa.

Wani ya ce a bar su a bayanau na lokaci. Sunan ya yi musu faɗi, domin jiya da gobe ma bayanau na lokaci ne, alhali ba sa gwada komai da komai. Waɗannan kuwa dole sai da lokaci biyu: na abin da ya faru, da wanda aka auna shi da shi.

Wata malama ta kawo kwatancin lokaci. Na so shi, Malama, sai dai a nahawu mun riga mun ba lokaci aiki: shuɗaɗɗen lokaci, lokaci mai ci, lokaci mai zuwa. Ɗalibi zai zaci su ake kwatantawa.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne riga. Bature ya ce she arrived earlier than me, mu kuwa a gajarce: ta riga ni zuwa. In ya ce later than me, sai mu juya maganar: na riga ta. Ɗalibin da ya bi ta hanyar fi, wato ta fi ni zuwa da wuri, shi ne ke rubuta more earlier, ya ninka fifiko sau biyu, alhali wutsiyar -er ta gama aikin. Na sha ganin wannan a takardun jarrabawa, kuma yana damuna.

Don haka ina ba da shawarar kalmomin wa-ya-riga-wa. Ƙirar ba baƙuwa ba ce, muna da ka-ce-na-ce.

An tambaye ni ko ago zai shiga. Zai shiga. Two days ago daga yau ake ƙirgawa baya. Two days earlier kuwa daga wata rana da aka ambata a cikin labari ake ƙirgawa, shi ya sa yake yawan tafiya da had. In ɗalibi ya rikice, tambaya ɗaya ce: ya riga wa, yau ko waccan ranar?

No later than Friday ce har yanzu nake juyawa, domin ita Juma'ar tana ciki. Kada ya wuce Juma'a, haka zan fassara musu.