Silin ya yi tabo, an liƙa kwalta, yoyo bai daina ba

Maigida, Gyallesu: Salamu alaikum. Silin ɗin falona ya yi tabo a kusurwa ɗaya. An liƙa kwalta a kwanon da ke saman wurin, amma da aka yi ruwan farko ya sake ɗiga. Masu sani a taimaka kafin ruwan Agusta ya kankama.

Kafinta, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba lallai ne ramin yana saman tabon ba. Ruwa yakan shiga ta sama, ya bi jikin katako ya gangaro, sai ya ɗiga a inda katakon ya ƙare ko ya lanƙwasa. Ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ka leƙa cikin silin da rana tsaka ba tare da tocila ba. Duk inda ka ga haske ya ratso, ka soka tsinken tsintsiya ya fito waje, in ka hau sama sai ka gan shi.

Yawanci ƙusa ce. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da dare, a hankali ƙusar ta saki, ramin ya faɗaɗa. Ka zare ta, ka buga sabuwa mai hula da roba a ƙarƙashinta, a kan tudun kwanon. Wanda ya buga ƙusa a kwarin kwano, inda ruwa ke gudu, shi ya huda maka rufi da hannunsa. In katakon ya ruɓe ko gara ta ci, ƙusa ba za ta kama ba, sai an haɗa masa wani tubai-tu a gefe, an shafe shi da baƙin mai. Ka taka kan layin ƙusa kawai, nan ne katako yake. Kuma ka hau da hantsi bayan raɓa ta bushe, kafin kwanon ya ɗau zafi.

Wani kafinta, Samaru: A duba haɗin kwano ma. Inda na sama ya hau na ƙasa kada ya gaza inci 6, a gefe kuma tudu ɗaya da rabi zuwa biyu. In an yi tsimin kwano, ruwa mai iska yana komawa ta ƙarƙashi, kuma babu ramin da za ka gani.

Birkila, Tudun Wada: Alhaji, ka ce kusurwa. Rufin naka ɓoyayye ne, wanda bango ya zagaye shi?

Maigida, Gyallesu: Ɓoyayye ne, Malam.

Birkila, Tudun Wada: To a bar kwano tukuna, a duba kwatar siminti da ke bin bangon. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda suna toshe bakin indararo, ruwa ya taru ya haura ƙarƙashin kwano. A share, a zuba bokiti biyu a ga ko yana fita da gudu. In ya kwanta, gangaren ne bai isa ba.

In akwai tsaga a kwatar, kada a shafa siminti a kanta haka kawai, zai ɓare. A buɗe tsagar da kurfi da guduma har faɗin yatsa, a share ƙura, a jiƙa sosai, a shafa ruwan siminti zalla, sannan a cika da kwaɓin siminti 1, yashi mai tsabta 3. Buhu mai kilo 50 kusan kwanon sarki 2 ne, ke nan rabin buhu zai ci yashi kwano 3. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Mutane suna raina wannan ban-ruwan, alhali rashinsa ne ke sa faci ya tsage tun kafin damina ta raba. Sai ya bushe sarai za a shafa kwalta, don ba ta kama jiƙaƙƙen wuri.

Inda kwano ya haɗu da bango kuwa siminti ba ya riƙewa, saboda kwanon yana motsi. A yanka tsagi a bango, a cusa bakin fallen kwano a ciki, ya sauko ya rufe haɗin.

Mai gyaran wuta, Kongo: Jiƙaƙƙen silin da ke kusa da fanka ko ƙwan fitila, a raba layin da wuta har ya bushe. In silin ɗin ya yi ciki, a tara bokiti a huda shi da ƙusa ruwan ya sauka, kada ya rufto wa yara.

Dattijo magini, cikin Birni: Masu soron ƙasa kada su ɗauki shawarar siminti, 'ya'yana. Siminti ba ya zama da jar ƙasa, yana rabuwa da ita, ruwa ya shige tsakani ya jiƙa azara ba a sani ba. A cire ciyawar da ta tsiro a kan soro da saiwarta, a cike da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana ta ruɓa, a daɓe, a bi da makuba. Indararo kuma ya yi tsawon da ruwansa zai faɗi nesa da gindin bango.

Maigida, Gyallesu: Allah ya saka da alheri. Baba, na gode. Malam birkila, in an yi facin yau aka yi ruwa da dare fa?

Birkila, Tudun Wada: A yi shi da sassafe, a rufe da leda a danne da bulo, amma a bar wa ruwa hanya zuwa indararo. In ya kwana ɗaya ya kama, ruwan sama ba zai wanke shi ba.