Wasan fantasi caca ne ko ƙwarewa? Muhawara kan kuɗin shiga da kuɗin cikin wasa

Injiniya: Salamu alaikum. Ana ta yaɗa cewa duk wasan fantasi caca ne, ko da kuɗin da ake kashewa a cikinsa ba na gaske ba ne. Ban yarda ba. Ku ɗauki Fantasy Premier League, inda kake samun maki daga abin da 'yan ƙwallon da ka zaɓa suka yi a wasannin gaske na Firimiyar Ingila. Ana ba ka fam miliyan 100 na cikin wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15: gola biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, kuma ba ka ɗaukar fiye da uku daga kulob ɗaya. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da fas aka ci maki 3, kyaftin a ninka masa. Ka wuce canjin da aka ba ka kyauta, a cire maka maki 4 a kan kowane ƙari. Farashi yana hawa da sauka, har riba ake ci: ka sayi ɗan wasa 7.5, ya kai 7.8, ka sayar 7.6, domin rabin ribar kawai ake ba ka, a yar da ɗan abin da bai cika 0.1 ba. Amma fam ɗin nan ba a saye shi, ba a sayar da shi, ba ya fita daga wasan. Shiga kyauta ce. Ina cacar?

Barista: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka zaɓo mafi sauƙin misali, kuma a kansa ba ni da ja. Lauyoyi abu uku suke nema kafin su ce caca: kuɗin da mutum ya zuba, sa'a, da abin da za a ci. Ƙafa ɗaya ta ɓace, murhu ba ya ɗaukar tukunya. A wasan da ka kawo babu zubi. Rigimar tana kan fantasin kullum-kullum, irin na DraftKings da FanDuel a Amurka, inda za ka biya kuɗin shiga yau, gobe a raba. Dokar Amurka ta 2006 da ta hana hada-hadar kuɗin cacar intanet ta keɓe fantasi, amma da sharuɗɗa: a sanar da kyautar tun kafin a fara, kada yawan masu shiga ya canza ta, sakamako ya dogara da alƙaluman 'yan wasa a wasanni da dama, kada ya rataya a kan sakamakon ƙungiya ɗaya ko ɗan wasa ɗaya a wasa ɗaya. Duk da haka a Oktoban 2015 hukumar caca ta jihar Nebada ta ce caca ne, sai da lasisi. Wata guda bayan nan babban lauyan jihar New York ya umarci kamfanonin biyu su daina karɓar kuɗin mutanen jihar. Majalisar jihar ta halatta shi a 2016, sai a 2022 babbar kotun jihar ta tabbatar da dokar, alƙalai huɗu a kan uku.

Akawu: Barista, Allah ya ƙara basira, amma bari a zo kan lissafi, don nan ne maganar ƙwarewa take ruɗar mutane. A ce mutum 100 kowa ya zuba dala 10, an tara 1,000. Kamfani ya cire la'adarsa, a ce kashi 10, saura 900. Idan irin gasar da rabin mutane suke ci ce, kowane daga cikin 50 ɗin zai karɓi dala 18. Ma'ana sai ka ci kusan sau 56 cikin 100 kafin ka mayar da uwar kuɗi kawai. Mai cin rabi da rabi asara yake yi a hankali, bai ma sani ba. To su wa suke wuce 56 ɗin? Wani nazari da kamfanin ba da shawara na McKinsey ya wallafa a 2015 kan fantasin ƙwallon besbol ya nuna kashi 1.3 na masu wasa ne suka kwashe kashi 91 na ribar. Waɗannan su ne masu manhajar da ke haɗa musu ɗaruruwan jerin 'yan wasa a dare ɗaya, su shigar da su duka, su canza ɗan wasa cikin daƙiƙa idan labarin rauni ya fito. Ƙwarewa tana nan, ba ƙarya. Sai dai tana hannun 'yan kaɗan, sauran jama'a kuɗinsu ne abincin.

Injiniya: Ai ka ƙarfafa maganata, Akawu. Da sa'a ce zalla, da ba mutane ɗaya ne za su riƙa ci kullum ba.

Malam: Ƙanina Injiniya, a nan ka zame. Bambanta ƙwarewa da sa'a ma'aunin kotunan Turawa ne, ba ma'aunin fiƙihu ba. Abin da malamai suke kira ƙimari shi ne kowane ɓangare ya fitar da nasa, ya shiga yana tsakanin ci da asara, wanda ya yi rinjaye ya kwashe na sauran. Mutum biyu su yi dara, kowa ya ajiye dubu ɗaya, gwani ya ɗauke dubu biyu: ƙwarewa ce ta ba shi, amma caca ce. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa maisir, wato caca, da giya, suka faɗi illarsa: gaba da ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla. Hadisin Abu Huraira ya taƙaita sanya kyautar tsere a kan harbin kibiya, raƙumi da doki, malamai da dama kuma suka faɗaɗa zuwa gasa ta halal idan wani na gefe ne ya sa kyautar. Saboda haka ni tambaya ɗaya nake yi: daga aljihun wa kyautar ta fito? Kuma a kula, ko a dara da hannunka kake wasa. A fantasi kana zaune ne kana jiran abin da ƙafar wani za ta yi a Ingila.

Hajiya: Malam, Allah ya saka da alheri. Amma kun bar asalin tambayar, wato kuɗin cikin wasa. Yaushe kuɗin kwamfuta yake zama kuɗi? Amsata: ranar da aka buɗe masa ƙofar fita. Second Life, wata duniyar kwamfuta a intanet, tana da dalar Linden, kuma akwai kasuwar canji ta kamfanin inda ake mayar da ita dalar Amurka. Shi ya sa a Yulin 2007 Linden Lab, kamfanin da ya mallake ta, ya hana caca a duniyar tasa, har da yin fare a kan wasannin motsa jiki na zahiri. A Birtaniya, a 2017, kotu ta ci tarar mutum biyu da suka buɗe FUT Galaxy, inda ake fare a kan wasannin ƙwallo da sulallan wasan FIFA, yara ma suna shiga. Kamfanin EA mai wasan FIFA bai yarda a sayar da sulallan ba, amma kasuwar bayan fage tana saye, dokar caca ta 2005 kuma ba kuɗi kaɗai ta ambata ba, har da abin da ke da darajar kuɗi. Ƙofar ba sai kamfani ne ya buɗe ta ba.

Injiniya: Na karɓi wannan, Hajiya. To Sorare fa? Kamfanin Faransa ne, yana sayar da katin dijital na 'yan ƙwallo, adadi ƙayyadadde kowace kaka: a tsarinsa na 2021 kati 1,000, 100, 10, ko guda ɗaya tak ga kowane ɗan wasa. Ka jera kati biyar, a ba kowa maki har 100 gwargwadon wasansa, na sama su sami kati ko kuɗi. Idan ka faɗi, katinka yana hannunka. Ba a ci komai naka ba. Wannan ya fi kama da sayen kadara.

Akawu: Katin yana hannunka, darajarsa fa? Mutum ba don hoto ya saya ba, don kyautar da katin zai iya jawowa ya saya. Abubuwa huɗu suna karya farashin, kuma babu ko ɗaya a ikonka: ɗan wasan ya ji rauni, ya koma gasar da ba a ƙirga makinta, a fitar da sababbin katuna na sabuwar kaka, ko kamfani ya sake tsarin kyauta. Na ƙarshen ya fi haɗari. Kamfanin Football Index a Birtaniya ya kasance yana sayar da "hannun jarin" 'yan ƙwallo yana biyan riba gwargwadon wasansu. A Maris 2021 ya zabtare ribar, farashi ya rushe, cikin kwanaki kamfanin ya durƙushe da miliyoyin fam na jama'a. Kuma shi da lasisin caca yake aiki, mutane ne suka ɗauke shi kasuwar hannun jari. Zubin da ake nema yana nan a Sorare, an dai mayar da shi bambanci tsakanin farashin saye da na sayarwa.

Barista: Hukumar caca ta Birtaniya a 2024 ta gurfanar da Sorare bisa zargin gudanar da caca ba lasisi, kamfanin ya musanta. Faransa kuwa a shekarar ta ware wa irin waɗannan wasanni rukuni na daban a doka, ba ta sa su cikin caca kai tsaye ba. Ni a Sorare ban kai ƙarfin Akawu ba, domin katin dukiya ce da ake iya sayarwa ko ba a yi wasa da ita ba. Indiya ce ta nuna iyakar hujjar ƙwarewa. A 2017 babbar kotun Punjab da Haryana ta ce Dream11, manhajar fantasi ta Indiya, wasan ƙwarewa ne. A 2023 gwamnati ta ɗora harajin kashi 28 a kan cikakken kuɗin da aka zuba, daidai da gidajen caca. A Agustan 2025 majalisa ta hana wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya, na ƙwarewa da na sa'a, Dream11 ya rufe gasannin biya.

Hajiya: Mu dawo kan abin da ya shafi yaranmu. A gidajen kallon ƙwallo da zaurukan WhatsApp, samari suna buɗe ƙaramar gasa a cikin Fantasy Premier League ɗin nan na kyauta, mutum 20 kowa ya tura naira 5,000, na ɗaya ya ɗauki kaso mafi tsoka bayan mako na 38. Manhajar ba ta karɓi kobo ba, amma an tara 100,000 a asusun mutum ɗaya. Malam, wannan fa?

Malam: Hajiya, wannan ƙimari ne, ko da 'yan uwan juna ne, ko da an kira kuɗin gudummawa. Gyaransa kuma ba wuya. A soke kuɗin shiga gaba ɗaya, kada a ce "wanda ya ga dama", don kunya za ta sa kowa ya biya. Wani wanda ba ya cikin gasar ya sa kyautar daga aljihunsa, a faɗi adadinta kafin mako na farko. Wanda ya riga ya ci irin wancan kuɗin ya ɗauki abin da ya zuba, ya mayar wa kowa nasa.

Injiniya: A kan zubi na sauka, Malam. A kan katin Sorare har yanzu ina tare da Barista. Saura ɗaya: idan mai sa kyautar kamfanin caca ne, shiga kyauta, amma sai ka buɗe asusu a wurinsu kafin a biya ka?

Malam: Wannan kada a karɓa. Gasar ba ta da zubi, gaskiya ne, amma kuɗin kyautar daga asarar wasu ya fito, kuma asusun da za ka buɗe shi ne abin da suka saya da kyautar. A nemi mai shago ko wani babba a unguwa ya sa rigar kulob ko waya, ya wadatar.